Yadda Teku Ta Zo Nariya a Aljihun Alu Gajere

Duk wanda ya sha ruwan rijiya tsakanin Nariya da Zinyau da Dawaki a cikin shekaru arba'in ɗin nan, da wuya a ce bai sha gumin Alu Gajere ba. In ba shi ya haƙa rijiyar ba, to shi ke yashe ta duk rani. A Nariya ta ƙasar Kibiya aka haife shi, a gidan mahaƙa rijiya. Sunansa na yanka Aliyu, amma ban da ranar ɗaurin aurensa ba wanda ya taɓa kiran sa da shi. Gajere kuwa ba zagi ba ne, gaskiya ce tsagwaronta, don matarsa Yalwa ma ta ɗara shi tsawo. A sana'arsu gajarta rufin asiri ce. Dogo ba ya iya juyawa da dagi a ƙasan rami.

Bai yi boko ba. Allo ma izu huɗu ya yi, mahaifinsa Muntari ya cire shi ya ɗaura masa igiya a ƙugu. Alu mutum ne marar yawan magana. Wasu na cewa zaman rami ne ya koya masa, don a can ƙasa in ka yi magana kai kaɗai take dawo wa. Amma ƙasa ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ƙasar Rano da Kibiya ƙasar dutse ce: jar ƙasa a sama, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalƙyali, sannan fa, wanda dagi ba ya ci. Ruwa a cikin ruɓaɓɓen dutsen nan yake kwana, in Allah ya sa akwai shi. Alu kan ɗanɗana ƙasar da ya haƙo a kan harshe ya ce saura gaba biyu, a kuwa sami ruwan a gaba biyun. Abin da mutane suka riƙe shi da shi ke nan. In ya ce akwai, akwai. In ya ce babu, ka kwashe kayanka.

Akwai abu guda na gidansu wanda sauran mahaƙa ba su da shi. Lokacin Alu yana saurayi, wata shekarar fari, suka tafi cin rani shi da mahaifinsa can ƙasar Gombe, wajejen Pindiga. A wani ƙauye suka yi gaba goma sha shida a ƙasa, suka tarar da wani baƙin yumɓu mai ɓarewa falle-falle, irin wanda ba su taɓa gani a gida ba. Suna fasa shi ruwa ya ɓalle, da ƙyar aka jawo Muntari, daginsa ma a ciki ya bar shi. Muntari ya ce wannan ƙasa mai albarka ce. Ya cika burgami biyu na fatar akuya da yumɓun, suka ɗauko har Nariya. Tun daga nan, duk rijiyar da ya haƙa da hannunsa, kafin fitowarsa ta ƙarshe sai ya cusa ɗan dunƙule kamar ƙwan zabo a gindinta ta gabas. In an zo yasa ya sake sa wani, wai yasa takan kwashe na bara. Irin ruwa yake ce masa. Rijiyar da wani ya haƙa ba a sa mata, sai taka ta kanka. Da zai rasu bai bar wa Alu wata gonar kirki ba, sai burgami biyun nan da magana guda: kada ka fito daga rijiyarka ba ka bar mata iri ba.

Haka Alu ya riƙa yi, ba ɓoyo, ba wanda ya ce masa don me, har shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Shi ma yana cikin waɗanda suka cika a-kori-kura suka tafi birni ranar, ya dawo muryarsa a dushe don kabbara, shi da ba ya ɗaga murya. Bayan nan wa'azi ya yawaita a ƙauyuka. Wata Juma'a da aka idar da salla mutane suka yi ta fito da layu da guraye da kambuna, aka tara a ƙofar masallaci aka cinna wuta. A nan wani ya ce, to irin ruwan gidan Muntari fa? Liman Sagiru mutum ne mai sanyin hali, bai zafafa ba. Ya ce ruwa dai Allah ke saukar da shi ya ajiye inda ya so, kuma wanda ya ɗauka dunƙulen laka ke kiran ruwa, a bakin rami mai zurfi yake tsaye. Idanu suka juyo kan Alu. Ya miƙe ya ce ai tuni ya zubar da shi a rafi. Ba wanda ya nemi ya rantse. Shi da kansa ya ƙara da wallahi.

Akwai gaskiya a maganar, amma rabi. Kwana uku kafin nan ya kai burgami guda rafi ya zazzage, wanda dama ya kusa ƙarewa. Ɗayan, cikakken, ya tura shi ƙasan rumbu ya zuba dawa a kai, wai sai ya sami ƙarfin zuciya. Da rani ya zo ya shiga rijiyar Zinyau ya yashe ta, ya fito bai sa komai ba. Kwana biyu tuwo ya ƙi wuce masa. Rana ta uku ya koma ya ce wa masu rijiyar ya manta ƙoƙonsa a ƙasa, ya shiga da dunƙule a aljihun wando. Daga nan ya ci gaba. Ba ya ce wa kansa yumɓun ke kawo ruwa, cewa yake wasiyyar uba ce. Amma duk sa'ad da liman ya ambaci rantsuwa a huɗuba, kansa a ƙasa yake.

Shekaru suka yi ta tafiya. Siyasa ta kawo rijiyoyin burtsatse, kowace da allon sunan wanda ya bayar, haƙan sabuwar rijiya ya ja baya. Sai dai famfon kan lalace bayan zaɓe da 'yan watanni, mata su koma wa guga, a sake aiko wa Alu ya zo yasa. Shi da Isiyaku suke zuwa, sa'ansa, wanda ke riƙe masa igiya tun suna samari. Dogo ne, mai surutu, kullum goro a baki. Alu na ƙasa yana kwasar taɓo, Isiyaku na sama yana ba masu jiran ruwa dariya.

Shekara takwas bayan rantsuwar nan Jannatu ta zo da ledojinta. 'Yar marigayi Habu ce, maƙwabcin Alu kuma amininsa, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Alu ne ma ya yi mata huɗuba a kunne ranar da aka haife ta, don uban yana hanyar Ikko da motar shanu. Ta yi karatu har jami'a, ilimin ƙasa da duwatsu, a lokacin tana neman digiri na biyu. Baba take ce masa, ba ta kuma taɓa wuce ƙofar gidansa ba ta durƙusa ba.

Ta zauna a zaurensa ta yi masa bayani daki-daki. Ta ce a zamanin da, tun kafin a halicci ɗan Adam, teku ta taɓa kwanciya a kan wasu sassan ƙasar nan sannan ta janye. Ƙananan halittun da suka rayu a cikinta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, sun mutu sun bar ɓawonsu a cikin laka. Malaminta da wasu malamai na ƙasashe dabam-dabam suna tara labarin ɓawon nan a wani rumbu cikin kwamfuta: wane iri ne, a wane gari aka samo shi, a zurfi nawa, wa ya ɗebo. Duk mai son sanin inda tekun ta kai da irin halittun da suka zauna a cikinta, nan yake zuwa ya ɗiba. Ita aikinta zuba bayanan. Ta shimfiɗa masa taswira. Wajen Sakkwato ɗigo-ɗigo ja, wajen Gombe da Barno haka, tsakiya kuwa, ƙasar Kano, fari fat. Ta ce ba a sa ran samun komai a nan, amma ko babu ma ana rubuta ta in an duba an tabbatar. Abin da take so, in ya shiga yasa ya ɗebo mata lakar can ƙasa daga rijiya tara, kowace a ledarta.

Alu ya ji daɗi da aka ce karatun jami'a yana bukatar hannunsa. Ya tambaye ta, in wani ya zuba ƙarya a rumbun fa? Ta yi dariya ta ce ai kamar rumbun iri ne na gari guda, in mutum ɗaya ya zuba mugun iri, kowa shi zai shuka. Ya gyaɗa kai, maganar ta yi masa daidai. Burgami ko faɗo masa a rai bai yi ba. A wurinsa laka dai laka ce.

Bayan mako uku ta dawo ba zato, ko gidansu ba ta shiga ba ta faɗo zaurensa da hotuna a hannu. Ta baje su a kan tabarma. Wasu abubuwa ne kamar curin fura huɗu manne da juna, wasu kamar ƙwayar wake da aka tsaga biyu, wasu kamar dodon koɗi. Ta ce dukansu in ka tara a kan farce ba za su cika shi ba, kuma halittun teku ne, ba shakka. Rijiya shida ba komai a cikinsu. Amma ta masallacin Nariya, da ta Zinyau, da ta bakin kasuwar Dawaki, cike suke da su.

Tana faɗin sunayen ukun nan Alu ya gane. Shida na farko na wasu ne, yasa kawai yake yi musu. Ukun nan shi ya haƙa su da hannunsa, tun ba a haifi Jannatu ba.

"Baba," in ji ta, "akwai abin da ake zubawa a rijiyoyin nan? Ƙasar wani wuri, ko yashin gini, ko dai wani abu?"

Isiyaku na zaune a gefe yana ɓare goro. Alu ya dubi saƙar tabarma.

"Babu, 'yata. Sai abin da iska ta jefa."

Isiyaku bai ɗago ba. Goron dai ya daɗe yana ɓare shi.

Malaminta bai yarda ba da fari. Ya ce dutsen Rano ba ya haihuwar irin wannan, ta koma ta sake ɗiba da sabuwar rariya da sababbin ledoji, ta kuma tsaya a bakin rijiyar da kanta. Ta dawo, Alu ya sake shiga. A nan ya ga ƙofa. Ya juya wa gabas baya, ya je can gindin yamma, nesa da inda yake cusa iri, ya tono mata, yana fatan wannan karon a ce babu, magana ta mutu ba wanda ya ji. Amma yumɓun da aka shekara talatin ana sawa yana narkewa ya riga ya game ƙasan rijiyar. Aka wanke, aka tace, aka duba. Ga su nan, a duka ukun.

Labari ya cika gari. A majalisa ana cewa ashe Nariya bakin teku ce, kifi ne kawai muka makara ba mu tarar ba. Wasu suka ce ragowar ruwan Ɗufana ce, ko da yake Jannatu ta ce wannan ya girmi haka nesa. Mutanen Zinyau da na Dawaki suka fara gardamar a garin wa tekun ta fi zurfi. Wanda ya fi ƙona Alu shi ne huɗubar Liman Sagiru. Ya yi magana a kan ayoyin Allah da ke ɓoye a cikin ƙasa, ya ce ga guda a ƙarƙashin rijiyar da muke alwala da ita. Sannan ya ce a duba ta hannun wa Allah ya fito da ita: mutumin da ya tsaya a nan wurin ya bar camfin gidansu saboda Allah. Mutane suka waiwayo suna murmushi. Alu ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige, shi da ya saba shigarta.

Ana saura mako biyu Babbar Salla Jannatu ta kawo masa sabuwar taswira. A tsakiyar farin nan ɗigo uku ja. Ta nuna masa wani layi a wata takarda ta ce nan sunansa ne, Alu Gajere, wanda ya ɗebo, duk malamin da ya buɗe rumbun a ko'ina a duniya zai gan shi. Ya dubi rubutun, baƙaƙe kamar jerin tururuwa. Ta ce bayanan suna ciki amma a kulle. Kwana goma bayan salla za ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta, har da wani babba da za a ɗauko daga wata jami'a, in an gama a buɗe wa kowa. Daga nan kuma, in ji ta, za a zo da injin a huda ƙasa kusa da rijiyoyin a ciro dutsen a gani.

Wannan ta ƙarshe ita ta hana shi sakat. Da yana lallashin kansa cewa yarinya za ta sami takardarta, gari ya sami suna, wa aka cuta? Amma ya san abin da ke gefen rijiyar masallaci fiye da kowa: jar ƙasa, marmara, ruɓaɓɓen dutse, fa. In injin ya huda bai sami komai ba, ba Alu za a tambaya ba. Cewa za a yi 'yar Habu ce ta zuba da hannunta don ta sami digiri. In kuwa ya faɗa mata, sai an cire ɗigon, in an cire sai an ce don me, kuma don me ɗin nan sai ya zo har sahun da ya tsaya ya ce wallahi.

Ya rame. Yalwa ba ta tambaye shi komai ba. Wata safiya dai tana fiɗar dawa daga rumbu ta ce, ba tare da ta dube shi ba, hatsin bana ya yi ƙasa sosai, in ya ƙare abin da ke gindi zai fito da kansa. Sai a ranar ya san ta sani.

Ranar kasuwar Kibiya suna dawowa da Isiyaku, Alu ya turo kekensa da ragon layya ɗaure a baya, Isiyaku ya tsaya a inuwar wata ɗorawa ya tofar da tukar goro.

"Gajere, tekun nan ta fara yi maka nauyi. Ko sawunka ya sake."

"Wace teku?"

"Kai dai bari. Shekara takwas ina sauke ka da ƙulli a aljihun dama, ina jawo ka ba shi. Igiya aka ba ni riƙo, ba a ce in rufe ido ba."

Alu ya daɗe yana gyara ɗaurin ragon da ba abin da ya same shi. Can ya ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"Bakina na raha ne. Rantsuwar taka ce, ba tawa ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Yarinyar kuwa ta Habu ce."

Aka yi salla, aka yi layya, naman bai yi wa Alu ɗanɗano ba. Washegari da hantsi ya shiga rumbu da kansa ya ture dawa ya jawo burgamin. Fatar ta bushe ta yi ƙanƙam, abin da ya rage a ciki bai fi mudu huɗu ba. Bai rufe shi da komai ba. Ya saɓa a kafaɗa ya fita ta ƙofar gida ya shiga ta maƙwabta, taku ashirin ne, amma ya fi masa hanyar Gombe nisa. Jannatu na tsakar gida a kan tabarma da takardunta, mahaifiyarta Ramlatu tana suyar nama a gefe. Ya ajiye burgamin a gabanta, ya tsuguna, shi da ake durƙusa wa.

Ya faɗa mata duka, a hankali, bai tsallake komai ba: shekarar fari, baƙin yumɓu, wasiyyar Muntari, rafin da ya sha burgami guda, gindin yamma da ya tono don ya ɓatar da sawu. Ramlatu ta sauke kaskon daga wuta ta shige ɗaki. Jannatu ta kwance bakin burgamin, ta ciro ɓarɓashi, ta ɓare shi da farce, ya rabu falle-falle. Ta daɗe tana kallon sa.

"Baba, ai na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

"Isiyaku na zaune."

"Yana zaune."

Ya so ta yi faɗa, ko ta yi kuka, ko ta ce ya tashi ya fita. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tattara takardun ta daidaita bakinsu a kan gwiwa, ta sake daidaitawa.

"Malamina ya faɗa mini dutsen nan ba ya haihuwar wannan," in ji ta. "Sau biyu ya faɗa. Ni na nace, don garinmu ne. Ban ma tambayi wa ya haƙa rijiyoyin ba." Ta share hannunta a zane. "Da wane ido zan dube shi?"

Ta tashi ta ɗauki waya ta fita bayan gari inda ake samun sabis. Yana nan tsugune har ta dawo. Ta ce an ɗage tsayuwarta sai baɗi, kuma sai ta sake aiki daga tushe, don duk ginin a kan rijiyoyin nan uku yake. Ya tambaya ko za a goge ɗigon, a goge sunansa. Ta ce daga taswira za a cire, amma a rumbun ba a gogewa. Alama ake sawa a rubuta dalili a gefe, don kada wani ya zo nan gaba ya ɗebi lakar rijiyoyin nan ya faɗa ramin da ta faɗa. Sunansa zai zauna, dalilin ma zai zauna.

Juma'ar da ta biyo, da aka sallame, Alu ya miƙe a inda ya miƙe shekara takwas baya. Muryarsa ba ta kai sahu na uku ba, sai da Isiyaku ya riƙa maimaitawa ga na baya. Ba wanda ya yi dariya a lokacin. Liman Sagiru ya sunkuyar da kai, sannan ya ce shi ma ya yi gaggawa da ya hau mumbari da abin da masu abin ba su gama tabbatarwa ba. Alu ya tambayi kaffarar rantsuwarsa. Yana fatan a ce ya ciyar da miskinai goma, ko ya yi azumi, wani abu dai da mutum zai yi da jikinsa ya san ya gama. Liman ya ce wanda ya rantse a kan abin da ya wuce yana sane ƙarya ne, ba kaffara a kansa, sai tuba. Wannan ta fi masa nauyi. Aikin da ba a ganin ƙarshensa bai saba da shi ba.

Bayan wata guda Jannatu ta zo ta ce yumɓun kansa abin kirki ne, cike yake da halittun, har da wasu da ba ta taɓa gani ba. In ya iya nuna mata ainihin rijiyar da aka haƙo shi, zai shiga rumbun da gaskiyarsa. Suka shiga mota su uku, shi da ita da wani ƙaninta, har ƙasar Gombe. Alu yana tune da wata tsamiya, da wani tudu mai kama da tozon bijimi, da rafi a kudu. Kwana biyu suna yawo. Ƙauye uku suka shiga, kowanne da tsamiyarsa da tudunsa. An yi kwalta inda ya san turba, tsofaffin da za su tuna baƙon da ya bar daginsa a rijiya sun ƙare. A ƙauye na uku ya ga kamar nan ne. Jannatu ta tsaya da alƙalami a hannu tana kallon sa. Da ya ce nan ne da ta rubuta. Ya dubi tudun, ya sake duba, ya ce bai tabbata ba. Ta mayar da alƙalamin jaka. Ƙasar da ba a san garinta ba ba ta shiga rumbu. Burgamin yana can a kan wani kanta a ɗakin bincikensu, da takarda a wuya.

Ta sake aikinta da duwatsun da ta je ta ɗebo da kanta a wajen Sakkwato, ta tsaya gaban malamai shekara guda bayan abokan karatunta, ta wuce. Har yau in ta zo gida sai ta shiga ta durƙusa, ta ajiye wa Yalwa sabulu, shi kuma goro. Sai dai hirar ƙasa da duwatsu da suke yi a zaure ba ta sake ɗaukowa ba, shi ma bai nema ba. A gari kuwa sunan Gajere ya sami ƙari, Mai Teku ake ce masa. Yakan amsa. In ya ɗanɗana ƙasa ya ce saura gaba biyu, yanzu akan sami mai cewa a dai haƙa a gani.

Da rani ya kewayo aka aiko daga Zinyau a zo yasa. Isiyaku ya ɗaura masa igiya, ya dubi aljihun dama. Alu ya sauka, ya kwashe taɓo guga talatin da wani abu, har ƙafarsa ta taka fa. Ya juya gabas. Ga ɗan gurbin da babban yatsansa ya yi a bango shekara da shekaru, ruwa na tsattsafowa ta gefensa. Ya sa hannu a aljihu, ya san babu komai, amma ya sa.

"Mai Teku," Isiyaku ya leƙo daga sama, "ko ka sake manta ƙoƙo?"

"Ja ni," in ji Alu.

Damina ta yi kyau a shekarar, rijiyoyi duk suka cika, nasa da na wasu, saboda haka ba wanda zai ce ga abin da ya kawo ruwan Zinyau. Alu dai bai koma ya leƙa ba sai da aka sake kiran sa.